Darasi a kan tazarar shuka a garka da gona

Ga iyaye mata da masu faɗakarwa na gari

An shirya wannan darasi domin iyaye mata masu garka ko gamana, da kuma masu faɗakarwa na gari, waɗanda ake kira rele, a jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da kewayen Yamai. Magana ɗaya yake ɗauke da ita: kowace shuka tana da gwargwadon filin da take bukata kafin ta ba da amfani, kuma yawan irin da aka zuba ba shi ke kawo yawan girbi ba. Wadda ta auna tazara kafin ta shuka, ta kuma yi cira a kan lokaci, za ta sami abinci fiye da maƙwabciyarta da ta cunkusa, alhali filinsu ɗaya, ruwansu ɗaya, wahalarsu ɗaya.

1. Me ya haɗa tazarar shuka da abincin yara?

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa zalla ya ishi jariri. Daga wata 6 zuwa 23 kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna son yaro ya ci aƙalla rukuni 5 daga cikin rukunan abinci 8 a kowace rana. Rukunan su ne: nonon uwa, hatsi da saiwoyi irin su dankali da rogo, wake da gujiya da riɗi, madara da nonon dabba, nama da kifi, ƙwai, ganyaye da ƴaƴan itace masu bitamin A, sai sauran kayan lambu da ƴaƴan itace. Huɗu daga cikin takwas ɗin nan daga gona da garka suke fitowa kai tsaye.

Filin da mace take da iko da shi galibi ƙarami ne. Ruwan da take ja daga rijiya da ƙarfinta take jansa, kuma iri da kuɗi ake sayensa. Idan aka shuka ba bisa tsari ba, waɗannan ukun duk sun tafi a banza: shu ya ƙi ɗaure kai, karoti ya fito siriri kamar tsinke, hatsi ya yi kara ba zangarniya. A lokacin nan sai tukunyar yaro ta koma fura da tuwo kaɗai, kuma daga nan ne ƙarancin jini da dundumi da tamowa suke samun ƙofa, musamman tsakanin Yuni da Satumba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba.

2. Abin da cunkoso yake yi, da abin da nisa yake yi

Abu huɗu tsirrai suke takara a kai: ruwa, abincin da ke cikin ƙasa, hasken rana da iska. Akushin tuwon da ya ishi yara uku, idan aka zaunar da goma a kansa, kowa zai sa hannu amma babu wanda zai tashi a ƙoshe. Haka ramin shuka yake.

Idan shuka ta cunkushe, ana gane ta da waɗannan alamu:

- tsirrai suna miƙewa sama sirara suna neman haske, iska kaɗan ta kwantar da su;
- ganyen ƙasa yana yin ɗorawa yana zubewa tun da wuri;
- ƙasa tana saurin bushewa ko da an yi ban ruwa da safe;
- fure yana kakkaɓewa, ƴaƴa suna fitowa ƙanana;
- laima tana daɗewa a kan ganye saboda iska ba ta ratsawa, cuta da ƙwari kuma suna tsallakawa daga gindi zuwa gindi ba wahala.

Wannan na ƙarshe ya fi shafar uwa, domin garkar da cuta ta yi wa yawa ita ake yawan fesa wa magani, kuma ganyen nan cikin miyar yaro zai shiga. Ba da tazara rigakafi ne da ba ya cin ko dala.

Nisan da ya wuce kima shi ma asara ne. Rana tana dukan ƙasar da ba ta da rufi ta shanye ruwanta, haki yana samun wurin yaɗuwa, kuma ana shayar da fili da babu komai a cikinsa. Ma'aunin da ya dace shi ne wannan: sa'ad da tsirrai suka gama girma, ganyen wannan ya taɓa na wancan, ƙasa ta rufu, amma kada ɗaya ya hau kan ɗaya.

3. Yadda ake awo ba tare da mita ba

Ba kowane gida ke da abin awo ba, amma kowa yana tafe da nasa a jikinsa:

- faɗin yatsu uku, kimanin santimita 5;
- faɗin tafin hannu har da babban yatsa, kimanin santimita 10;
- ɗani, wato daga kan babban yatsa zuwa kan ɗan tsakiya idan an ware hannu, kimanin santimita 20;
- kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, santimita 45 zuwa 50;
- taku ɗaya na tafiya, santimita 70 zuwa 80; babban taku da aka buɗe ƙafa sosai, kusan mita 1.

Da yake hannuwa ba ɗaya ba ne, ya kamata mai faɗakarwa ya ari mita wajen tela ko malamin gona sau ɗaya, ya yanka kara uku, na santimita 10 da na 25 da na 50, kowace mace ta kwafi nata. Sannan a sami igiya mai tsawon mita 5 ko 10, a ɗaura mata turke a kowane baki, a yi ƙulli ko a ɗaura tsumma a kowane rabin mita. Igiya tana miƙar da layi, kara yana raba gindi da gindi.

Lambobi biyu ake faɗa kullum. Na farko shi ne tsakanin layi da layi, na biyu tsakanin gindi da gindi a kan layi ɗaya. In an ce 60 da 50, ana nufin santimita 60 tsakanin layuka, 50 tsakanin tsirrai. Ga manyan tsirrai irin su shu da tumatir, kada ramukan layi na biyu su yi daidai da na farko. A sa kowane rami a tsakiyar biyu na gabansa, su zauna kamar duwatsun murhu. Ta haka kowane gindi yana samun sarari ta kowane gefe.

4. Tsarin garka

A fara da lissafin ruwa. Kafin a sari ƙasa, uwa ta tambayi kanta bido nawa za ta iya kawowa kowace rana har ƙarshen rani ba tare da aikin gida da renon yaro sun tsaya ba. A lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kowane fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi yana shan lita 5 zuwa 7 a rana idan tsirrai sun girma. A zafin Afrilu yana iya kai lita 10. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 5 ke nan yana bukatar lita 25 zuwa 35, wato bido ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Fangali biyu da suka ƙoshi da ruwa sun fi shida da ake yayyafa wa.

Faɗin fangali kada ya wuce mita 1 ko mita 1 da ɗani ɗaya, domin hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ƙasa ba. A bar hanya mai faɗin kamu ɗaya tsakanin fangali da fangali. A gauraya ƙasa da ruɓaɓɓen taki kafin dashe; ɗanyen kashin dabba yana ƙona saiwa.

Ga tazarar kayan garka, da yawan gindin da fangali mai mita 1 da mita 5 zai ɗauka:

- Alayyafo: layuka ɗani ɗaya tsakani, a cire a bar santimita 10 tsakanin tsirrai, kimanin gindi 250.
- Karoti: layuka santimita 25, a bar yatsu uku tsakanin tsirrai, kimanin 400. Ba a dasa karoti, a inda zai zauna ake shuka shi.
- Salati: 25 da 25, gindi 80.
- Shu: 50 da 50, gindi 20.
- Tumatir: 60 da 50; layi biyu, gindi 20, kowanne da sandar jingina.
- Tattasai da yalo: 60 da 40 ko 60 da 50.
- Kuɓewa: 60 da 40 ga gajera, 80 da 50 ga doguwa, a shuka ƙwaya uku, a bar ɗaya ko biyu.
- Albasa, kamar irin Galmi: 15 da 15, kimanin 200. In aka matsa zuwa 15 da 10 kawunan za su ragu, amma matsakaiciyar albasa ta fi ƙatuwa jure ajiya.
- Dankalin Hausa mai jan ciki: kunya da kunya santimita 80 zuwa mita 1, a kan kunya santimita 30, tsawon reshen da ake dasawa santimita 25 zuwa 30.
- Kabewa: mita 2 ta kowane gefe, a ba ta bakin darni ta yaɗu can.

Alayyafo da karoti da kabewa da dankali mai jan ciki duk suna da bitamin A, mai kare ido da ƙarfafa jiki wajen yaƙi da cuta. Idan fili bai isa a shuka komai ba, su za a fara ba wuri kafin salati.

Wurin renon iri. Cunkoso yakan fara tun daga nan. Maimakon watsa iri, a ja layuka marasa zurfi, tafin hannu ɗaya tsakani, a zuba iri kaɗan-kaɗan. Ƙananan iri irin na alayyafo da karoti a gauraya su da busasshen rairayi kafin a zuba, don kada su taru wuri ɗaya. Tumatir da shu sun isa dashe bayan kwana 25 zuwa 30, da ganye huɗu ko biyar; albasa bayan kwana 40 zuwa 50. A yi dashe da marece, a shayar nan take. Dashen da ya tsufa a wurin reno ya yi tsawo siriri ba ya murmurewa sosai.

Wurin da kowane abu zai zauna. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma a watannin sanyi rana tana karkata kudu, inuwa tana faɗuwa arewa. Saboda haka dogayen tsirrai irin su zogale da kuɓewa da masara a jera su ta arewa da gabas. Za su tare iska, inuwarsu kuma za ta faɗa wajen garka. Gajeru su zauna ta kudu.

Tazarar lokaci. Yaro kullum yake cin abinci, don haka garka ma ya kamata ta riƙa bayarwa kullum. Idan aka shuka fangalin alayyafo duka rana ɗaya, zai nuna rana ɗaya, a ci mako guda, sauran ya yi fure. A raba fangalin uku, a shuka kashi ɗaya duk bayan mako biyu. Alayyafo yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, saboda haka kafin na farko ya ƙare na biyu ya kawo. Rarar da aka samu a shanya ta a inuwa, a adana domin bazara.

Matan cikin birni da ba su da fili, a Yamai ko Damagaram ko Maraɗi, suna iya shuka a buhu ko tsohon bido da aka huda gindinsa. Ƙa'idar ba ta canzawa: tumatir ɗaya ko tattasai ɗaya a bido mai lita 20 ko 25.

5. Tsarin gona da gamana

Hatsi. Manoma suna zuba ƙwaya da yawa a rami ɗaya, kuma suna da hujja: rairayin da iska ke kwasowa yana binne tsiro, tsuntsu da ɓera suna tono, wani lokaci ruwa ya ɗauke bayan shuka. Yawan ƙwaya kariya ce daga waɗannan. Sai dai rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin shi ne cira. Mako biyu zuwa uku bayan tsirowa, washegarin ruwa sa'ad da ƙasa take da laima, a bar tsiro uku mafi ƙarfi a kowane rami, a cire sauran, a danne ƙasa a gindin waɗanda suka rage. Hatsi yana fitar da ƴaƴa daga gindinsa, don haka uku ɗin nan za su cika ramin da kansu. Cirar da aka jinkirta har saiwoyi suka sarƙe tana raunana waɗanda aka bari, kuma an riga an cinye musu abinci.

Tazarar da masu binciken noma na INRAN suka saba bayarwa ita ce mita 1 da mita 1, wato rami 10,000 a hekta ɗaya, fili mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi. A ƙasar da ta sha taki, ko inda ruwan sama ya fi yawa kamar kudancin Maraɗi da Doso, ana iya matsawa zuwa 80 da 80, wato rami 15,625. A jigawa mai rauni da ba ta ga taki ba, musamman can arewa inda damina take gajera, kada a matsa. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon ruwa da takin da gona take da su, gwargwadon tsirran da za ta iya ɗauka.

Sanin yawan ramuka yana taimakawa wajen sayen takin zamani. A dabarar sa taki ɗan kaɗan a gindi, ana zuba giram 6 na NPK 15-15-15, kimanin cikin marfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP, kimanin abin da yatsu uku suka tsunkuno, a kowane rami. A hekta mai rami 10,000 wannan ya kama kilo 60 na NPK ko kilo 20 na DAP. Gamana mai mita 20 da mita 25 tana da rami 500, kilo 3 na NPK ya ishe ta. A sa takin a gefen iri, kada su haɗu, a kuma ajiye shi inda yara ba sa kaiwa.

Tazarar nan ta shafi irin gida da ingantattun iri kamar HKP, da kuma Chakti, hatsi mai yawan sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, wanda cibiyar ICRISAT ta Sadore ta fitar aka kuma amince da shi a Nijar a 2018. Iri mai kyau da aka bari a cunkushe ba ya nuna kyansa.

Tassa. A faƙo, inda ruwa yake gudu bai shiga ƙasa ba, manoman jihar Tawa, musamman wajen Illela da Badagishiri, sun daɗe suna haƙa tassa: rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30 da zurfin 15 zuwa 20, a tara ƙasar da aka haƙo ta gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Ana barin santimita 80 zuwa mita 1 tsakanin ramuka, a jere irin na duwatsun murhu. Filin da aka bari tsakani yana da aikinsa, domin shi ke tara ruwan da ke gangarowa cikin ramin. In aka matsa ramuka, kowanne ruwansa ya ragu.

Wake. Wake shi ne naman talaka, ganyensa miya ne, harawarsa abincin akuyar da ke ba da nono. Saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. In shi kaɗai za a shuka, a ba shi 80 da 40, a bar tsiro biyu a rami. Mai yaɗo sosai a ƙara masa sarari. In za a haɗa shi da hatsi, a shuka shi a tsakiyar layuka mako biyu zuwa uku bayan hatsi. Waken da aka warwatsa ɗai-ɗai ƙarƙashin inuwar kara ba ya yin ƴaƴa da yawa. Akwai tsarin da ya fi ba shi haske: layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake, haka har ƙarshen gona. Baɗi sai a musanya, hatsi ya koma inda wake ya tashi.

Gujiya, wadda wasu ke kira gyaɗa. Ita kam matsi take so. Ga iri mai tsayuwa kamar 55-437, wanda ya yaɗu a Maraɗi da Damagaram, tazarar ita ce 40 da 15, ƙwaya ɗaya a rami, kimanin gindi 166,000 a hekta. Idan ta rufe ƙasa da wuri, haki ba ya samun wuri, laima tana daɗewa, kuma ƙananan ƙwarin da ke kawo darɓa suna yaɗa kuturtar gujiya sun fi sauka a gonar da take da gurabe. Cutar nan ce ta yi mummunar ɓarna a gonakin gujiya na ƙasar Hausa a 1975. Wadda irinta bai isa gamana duka ba, gara ta cika rabin fili da tazarar da ta dace, ta ba ɗaya rabin ga wake ko yakuwa ko riɗi, da ta baza shi ko'ina.

Wannan ya nuna cewa darasin nan bai ce a nisanta komai da komai ba. Hatsi da shu da kabewa sarari suke so, gujiya da albasa da alayyafo kusanci suke so. Abin nema shi ne a san halin kowace shuka.

6. Zogale da itatuwa

Zogale yana ba da ganye kusan duk shekara in yana samun ruwa, kuma ana nomansa sosai a kwarin Gulbin Maraɗi da bakin kogin Kwara kusa da Yamai. Domin ganyen gida, a dasa shi mita 1 da mita 1. Sa'ad da ya kai tsawon kamu ɗaya da rabi, a tsinke kansa don ya yi rassa, a riƙa datse shi kada ya wuce inda hannu yake kaiwa. Gindi biyar zuwa goma a gefen tsakar gida, inda ruwan wanke hatsi da na alwala yake zuwa, suna iya ba da ganyen da za a riƙa sa wa a kunun yaro da dambu da miya. Wanda za a bari don iri a ba shi mita 3.

Ƴaƴan itace a lissafa su da girman da za su yi nan gaba: gwanda mita 2 zuwa 3, lemon tsami mita 6, mangwaro mita 10. Mangwaron da aka dasa a tsakiyar ƙaramar garka, cikin ƴan shekaru shi kaɗai zai rage a cikinta. A gona kuwa, gawo abokin hatsi ne, domin da damina yake zubar da ganye, ya ba ƙasa taki, bai kuma tare haske ba. Sauran itatuwan da aka bari ta hanyar sassaben zamani a riƙa rage musu rassan ƙasa kafin shuka.

7. Tambayoyin da iyaye mata suka saba yi

Cire tsiro mai rai ba almubazzaranci ba ne? Abin da aka cire daga alayyafo da yakuwa da salati cikin tukunya yake zuwa, shi ne girbin farko. Tumatir da shu da albasa ana dasa su a wani wuri ko a ba maƙwabciya. Dawa da maiwa suna karɓar dashe a guraben da ba su tsiro ba in ƙasa tana da laima. Tsiron da aka bari don tausayi yana rage abincin ƴan uwansa, shi ma bai ba da komai ba.

In na bar uku kaɗai sannan fari ya zo fa? A lokacin fari rami mai tsiro goma shi ke fara bushewa, domin baki goma ke shan ruwan da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa ake jira mako biyu zuwa uku, haɗarin farko ya wuce, sannan a cire.

In na ƙara taki, zan iya cunkusawa? Taki yana ba da damar matsawa kaɗan, amma ba ya ƙara hasken rana, ba ya kuma ƙara ruwa.

Fili tsakanin shu yana zaune banza kafin ya girma. Me zan yi da shi? A shuka layin alayyafo ko salati a tsakani. Za a cinye su cikin wata guda, kafin shu ya buɗe ganye.

8. Aikin mai faɗakarwa

Gani ya kori ji. Maimakon dogon bayani a ƙarƙashin itace, a yi darasin nan a bakin fangali:

1. A tara mata 10 zuwa 15, ko ta hanyar ƙungiyarsu ta asusu irin ta Mata Masu Dubara, a zo da igiya da kara uku na awo.
2. A raba fangali ɗaya biyu. Rabi a shuka yadda aka saba, rabi da awo. Iri ɗaya, rana ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya.
3. Kowace mace ta ja igiya ta auna layi ɗaya da hannunta.
4. A dawo ranar cira, a sake dawowa ranar girbi. A auna abin da kowane rabi ya bayar da ƙwarya ɗaya, mata su faɗi abin da suka gani da bakinsu.
5. A dafa abin da aka girba a wurin, a nuna yadda ake sa dakakken ganye da garin wake ko ƙuli-ƙuli da ɗan mai a kunun yaro.
6. Kafin damina a gayyaci maza, domin shuka da cirar gandu a hannunsu suke, a kuma nemi malamin gona ya duba tazarar da ta dace da irin da ƙasar garin.

A ƙarshen zama a yi wa mahalarta tambayoyi huɗu: Bido nawa fangalinki yake sha a rana? Gindin shu nawa yake ɗauka? Yaushe ake cirar hatsi, kuma nawa ake bari? Wace shuka ce take son matsi?

A tuna kuma cewa garka tana hana tamowa, amma ba ta warkar da yaron da ya riga ya kamu. Uwa ta ci gaba da auna damtsen ɗanta mai wata 6 zuwa 59 da madaurin awo. In ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, a kai shi gidan likita a ranar. In ya nuna ɗorawa, tsakanin 115 da 125, a kai shi a duba shi ba tare da jinkiri ba. In ya nuna tsanwa, a ci gaba da ba shi nono da abinci iri-iri, daga abin da fangali da gamana suka bayar.